Shayin da Baba Ya Yi Ta Jira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika bayan alhazai sun watse, lokacin da Makka ke komawa hannun mutanenta. Maza suka ɗauke shi zuwa Harami aka yi masa salla, suka wuce da shi maƙabartar Ma'ala. Mu mata aka bar mu a tsakar gida da tabarmi da butar gahawa.

Ban taɓa sanin yana da jama'a haka ba. Lungunmu ya cika da 'yan dakon Mina, da masu ɗebo ruwa a garwa, da masu ɗaukar shubriyya, wato gadon katakon nan da ake ɗora tsofaffin alhazai a kai a yi musu ɗawafi. Kowa ya zo sai ya nuna wata gaɓa a jikinsa. Wani tsoho mai ruwa ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya: "Azzamallahu ajrakum, ya jama'a. Wannan hannun da kuke gani, wallahi nasa ne, a karye na kawo masa shi." Mu da ke bayan labule ba mu ga hannun ba, amma Inna ta amsa masa da kuka.

Kawu, ƙanin Inna, wanda ya shekara da shekaru ba sa ga-maciji da Baba, shi ya fi kowa ɓarke baki da kuka. Sai da aka riƙe shi aka zaunar.

Mata kuwa magana ɗaya suka zo da ita, kamar sun haɗa baki a hanya. "Allah sarki, baƙon Allah. Tun daga ƙasar Sin har Makka, ya mutu bai bar ɗa ba." Wannan ta faɗa, ta kusa da ita ta maimaita, ni kuma 'yarsa tilo ina tsaye a gabansu ina zuba musu gahawa. Sau biyu zuciya ta ce in juye butar a ƙafar wata, sai idon Inna ya tare ni. Abin da na haɗiye ranar nan shi zan faɗa yanzu, don ina tsoron nan gaba kaɗan a ce wani maɗori ɗan Sin ya taɓa zama a unguwar Hausawa, a tsaya a nan.

Daga kudancin Sin ya fito, wani gari na bakin ruwa mai yawan kwale-kwale. Ya zo hajji tun raƙuma na kawo alhazai daga Jidda. Ciwo ya kwantar da shi, jirginsu ya tafi ya bar shi. Yana shirin bin wani jirgin yaƙi ya ci garinsu, bayan yaƙi kuma hanya ta toshe gaba ɗaya. Kakana, mahaifin Inna, Basakkwace ne mahauci, shi ya tsince shi a bakin Harami ya kawo shi gida ya yi jinyarsa, daga baya ya ba shi Inna. A bakinta ya koyi Hausa, don haka Sakkwatanci yake yi tsantsa. Sai ka ga farin mutum mai ɗan gemu tsilli-tsilli ya leƙo madafi ya ce, "Mi kunka dahwa?" Baƙi kan yi dariya har su ƙware, shi ko a jikinsa.

Ɗori ne sana'arsa, amma ba shi ne abin da ya cika masa zuciya ba. Kullum bayan sallar asuba yakan hau saman soro ya yi abin da mahaifinsa ya koya masa, shi ma mahaifin daga nasa mahaifin. Damben ƙasarsu ne, sai dai ba da kowa yake yi ba. Jeri ne na motsi, ɗaya na bin ɗaya a tsare, in ka tsallake ɗaya sauran sun rikice. Zai ware ƙafafu ya sauke ƙugu kamar mai zaune a kan sirdi, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ya dinga kai hannu gajere-gajere yana fitar da numfashi da ƙara. Inna takan ɗaga kai daga wanke-wanke ta ce, "Ga mai doki can ya hau. Allah shi kawo dokin."

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya tsalle. Ya ce mutanen kudu a cikin kwale-kwale suka koyi faɗa, wanda ya yi tsalle ruwa ya ci shi. Maganarsa kullum ita ce, "Ƙahwa tukuna, ya binti. Hannu shina zuwa daga baya."

Jerin kashi biyu ne. Na farko kowa na iya gani. Na ƙarshe ba a koyonsa da ido. Malami zai ɗora sangalin hannunsa a kan na ɗalibi, wurin da Baba ke kira gada, ya tura, ɗalibi ya turo, a haka motsin ke ratsawa daga hannu zuwa hannu. Kuma ba a ba da shi sai ga wanda ya durƙusa ya miƙa wa malami shayi da hannu biyu yana kallon idonsa. In malami ya sha, ɗalibi ya zama ɗa. Malami ba ya roƙon shayin nan, ko da zai mutu yana jira.

Samarin unguwa sun zo koyo, da yawa ma. Kowa so yake ranar farko a nuna masa yadda ake fasa baki. Baba sai ya ɗora su a kan dokin nan da babu shi, ya koma gefe yana kurɓar shayinsa. Kafin ya gama, cinyoyinsu na rawa kamar an jona su da injin niƙa, gobe ba mai dawowa. Mutum ɗaya ne ya dawo, wani mai ɗaukar shubriyya, iyayensa Kanawa ne da suka biyo ta Sudan. Kafaɗa ce ta goce masa ya zo ɗori, ya ga abin da ake yi a soro, ya liƙe. Shekaru ya yi yana hawa soron nan, har Baba ya daina gyara masa ƙafa. Ni ma ina leƙensa ta matakala, kuma ba dambe nake kallo ba.

Baba ya yi lissafinsa irin na ƙasarsu. A can in ka ba ɗalibi 'yarka ka ɗaure shi ke nan, ya zama na cikin gida. Da aka tambaye ni na amsa da saurin da har yau Inna ke yi mini gori a kai. Ranar da aka ɗaura aurenmu ita ce ranar da Baba ya rasa ɗalibinsa.

Ba wanda ya tuna ya gaya masa mene ne surukuta a wurinmu. Suruki ba a haɗa ido da shi, ba a ci ko a sha a gabansa, balle a kai hannu jikinsa. Aka ba mu ɗakin da ke kusa da zaure. Bayan biki Baba ya sayi sabon kofi, ya hau soro da shi da butar shayi, ya ajiye ya zauna. Maigidana yana jin takunsa a matakala ya kwashi takalmansa a hannu ya sulale waje. In suka yi kiciɓis a lungu sai ya durƙusa ya juya fuska bango, ya gaida ƙasa.

"Mi niy yi mishi?" Baba ya tambayi Inna. "Na ba shi ɗiyata, yat tsere mani."

"Girmama ka shikai," in ji Inna.

"Girmamawa ta, gudu?"

Inna ta yi bayani har ta gaji. Kawu ya ji labari ya zo ya ƙara gishiri. Shi mahauci ne kamar kakana, kuma ya yi dambe da ƙuruciyarsa. Ya ce, "Ya shaikh, ƙasarmu suruki ba abokin kokawa ba na. Yaron ga shina da tarbiyya, kai ab ba ka san mutane ba. A raba auratayya da wagga rawa taka."

Baba ya tashi ya hau dokinsa a tsakar gida ya ce, "Tura ni." Kawu ya tura, ya ƙara turawa har takalmansa suka zame, Baba yana nan inda yake. Kawu ya kakkaɓe riga ya ce ai jaki ma yakan kafe, wannan ba gwaninta ba ce. Sai Baba ya ce, "Ka ce ƙasarku. To nan ƙasaw wa ta? Ni da kai duk baƙi muke." Daga ranar ba su sake magana ba. Amma duk layya Kawu zai aiko da tsoka mafi kyau, Baba kuma ya dafa man shafawarsa mai warin ganye ya ce in kai wa gwiwar Kawu. Gwiwar yake aika wa, ba mai gwiwar ba.

Ni na zama 'yar aike a gidanmu. Na je wa maigidana da maganar kofi, na fayyace masa komai. Ya riƙe kai ya ce, "In zauna gabansa in kalle shi ido cikin ido? In sa hannuna a nasa in tura shi? Mahaifinki fa! Ki ce in hau dutsen Jabalin Nur da shubriyya a ka, wallahi zan hau. Wannan kam ba zan iya ba." Ba raini ba ne, na sani. A Mina yakan ɓuya bayan tantuna ya yi kashin farko shi kaɗai, bai taɓa bari ba.

Da na ga haka na hau soro na ce, "Baba, to ni ka koya mini."

"Ubana ya sa ni alkawari. Ɗiya ba a ba ta, gidan wani takan kai shi."

"Gidan wa na kai? Ga ni a ƙarƙashin soronka."

"Alkawari alkawari na, ya binti." Ya juya ya gyara zaman kofin.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Kowace safiya kofi yana hawa soro babu kowa a bayansa, ya sauko a bushe. Baba ya koma yin kashin ƙarshe da sandar da muke ɗaura igiyar shanya, har wurin da hannunsa ke goga ya yi santsi. Wata safiya na hau kwashe shanya na same shi ya tsaya cak a tsakiyar motsi, hannu a sama, ya manta abin da ke gaba. Ya daɗe a haka kafin ya kamo. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, mutumin da ke mayar da ƙashin da ya fasa fata ba tare da ya ƙifta ido ba. Ya ce, "In na mutu da shi, mi za ni ce ma ubana?" Na kwashi kayana na sauko ina kuka.

Hajjin bana ya zo da zafi mai tsanani. Baba ya tafi Mina kamar kullum yana ɗora 'yan dako, can ya yanke jiki ya faɗi. A shubriyya aka kawo shi gida, maigidana ne ya ɗauki gaba, don ta nan ne ba zai ga fuskarsa ba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Hausar ta zube sai ɗaiɗaikun kalmomi, Larabcin ya zube, sai yarensu da ba mai ji a duk unguwar. Muka kwantar da shi a ɗakin sama. Ya yi ta nuni har muka gane kofin yake so. Da aka ba shi bai nemi a zuba komai ba, ya riƙe shi da hagu ya dinga ƙwanƙwasa shi a daɓe. Wuni guda ana jin ƙarar har zaure.

Na sauko na ɗaure kayana a zani na ajiye a gaban maigidana. Na ce, "Ko ka hau da shayin nan, ko ni in hau in bar ka. Yajina ba shi da nisa, matakala ce kawai."

"Haba, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Kana jin ƙwanƙwasar nan? Kai yake kira. Kunyarka za ta binne abin mutane."

Ya hau. Ya durƙusa, fuska a bango, ya zuba shayi a kofin ya miƙa masa. Baba bai tsaya neman ido ba, ya karɓi abin da ya samu, ya kurɓa. Sannan ya ɗaga hannun hagu. Maigidana ya kawo nasa ya ɗora, hannun da ke ɗaga ƙaton alhaji sama, amma a nan ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Tura," in ji Baba. Kalmar da ƙyar ta fito.

Hannun maigidana bai motsa ba.

"Tura!"

Gumi ya wanke wa maigidana fuska. Na ga yana ƙoƙari, jijiyar wuyansa ta tashi, amma hannun ya ƙi. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni," ya miƙe ya sauka. Muna jin kukansa daga zaure.

Hannun Baba yana nan a sama. Ba shi da ƙarfin riƙe shi, kuma ya ƙi saukewa, sai rawa yake yi. Na kasa kallo. Na durƙusa na ɗora nawa na tura, da duk haushin da na tara na shekarun nan, haushin maigidana da na Kawu da na Baban kansa. Ban san yadda aka yi ba, hannunsa ya murɗa, nawa ya zame gefe, na ji 'yan yatsunsa a ƙarƙashin haɓata. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ki kai mishi."

Ta nan ya ɓullo wa alkawarin mahaifinsa. Ba koya mini yake yi ba, aikena yake yi, kamar yadda nake kai nama da man shafawa. Kowace safiya bayan asuba in hau in karɓo motsi ɗaya ko biyu a hannuna, in sauko in zuba wa maigidana. Ni kam yana iya tura ni, har da ƙari. Da harshen Baba ya ƙarasa ɗaukewa sai ya koma mintsini, in na yi kuskure ya mintsine ni, in na yi daidai ya ɗan buga mini da yatsa. Hannuna duk ya yi shati.

Amma jerin da tsawo, Baba kuma yana ƙarewa. Ya bar cin abinci sai kunu, daga baya kunun ma ya gagara. Gadar tasa ta zama ƙashi da fata. Wata rana motsi ɗaya tak za mu yi ya sheme. Inna ta tare ni a matakala ta ce, "Ki bar shi shi huta, ke ɗiyag ga. Kashe shi za ki yi."

"Inna, in na bar shi ba hutawa yake yi ba, ƙwanƙwasa yake yi."

"Mijina na!"

"Ubana ne!"

Muka tsaya muna huci, sai muka rungume juna. Kwanakin nan ban ma iya roƙa masa lafiya ba, na san ta wuce. Gobe kawai nake roƙo, in ta zo in roƙi wata goben. Ban san saura nawa a jerin ba, shi kuma ba shi da bakin gaya mini. Duk safiyar da na hau, sai na tsaya a ƙofa na saurari numfashinsa kafin in shiga.

Safiyar ƙarshe ya farka idonsa garau. Muka haɗa hannu, ya bi da ni a hankali, wurin da muka tsaya jiya da abin da ke gabansa. A wani wuri hannunsa ya sauko kan gwiwar hannuna, ya zame ƙasa, ya sake tasowa. Daga nan ya dunƙule hannu ya ja shi zuwa ƙugu. Na san wannan, da shi yake rufewa a soro tun ina yarinya. An gama ke nan.

Na yunƙura na ce, "Bari in kai masa tun ban manta ba."

Ya cafke wuyan hannuna, riƙon maɗori, wanda ba a ƙwacewa. Ya yi ta fama da bakinsa har kalma ɗaya ta fito: "Zamna." Ya dubi kofin da ke gefen shimfiɗarsa, sau ɗaya, sannan ya mayar da idonsa rufin ɗaki ya kafe shi a can kamar bai dubi komai ba.

Ni ban gane ba. Inna ce, wadda ta shekara da shekaru tana tsokanar doki, ta ɗauki buta ta zuba, ta danƙa mini kofin ta ce, "Durƙusa mana, ke kuma. Ba shi roƙo."

Na durƙusa. Na riƙe da hannu biyu, na kalli cikin idonsa, na kai masa baki. Yawancin shayin gemunsa ya bi. Inna ta kawo gefen mayafi za ta goge, na ce ta dakata. Maƙogwaronsa nake kallo, kuma na ga ya motsa. Bai kai azahar ba.

Yanzu masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Bayan asuba mukan hau soro ni da maigidana, shi ke da ƙafa, ni ke da hannu. Yana ɗora ni a kan dokin nan, cinyoyina na rawa kamar na samarin da muke yi wa dariya, na fara a makare kuma na sani. Inna tana takaba, ba ta ɗaga kai ta yi tsokana. Abin da ke hana ni sukuni shi ne wurin nan da hannun Baba ya zame a gwiwar hannuna. Ban sani ba ko motsin ke nan, ko ƙarfinsa ne ya ƙare a daidai wurin. Duk Makka ba wanda zan tambaya, hanyar garinsu kuma a toshe take. Yadda ya ba ni haka nake yi, in na zo wurin sai in bar hannuna ya faɗi, sannan in ɗaga.

Allah ka jiƙan Baba, ka yalwata masa makwanci a ƙasar da ya zo baƙunta ta riƙe shi, ka sada shi da mahaifinsa ba da kunya ba. Matan unguwa kuma, na ji ku, bai bar ɗa ba. Amma shayina ne abu na ƙarshe da ya haɗiya a duniya.